Guɗar da Ban Yanke Ba

Ina da jika ɗaya a duniya ranar da na fara riƙe fensir. Soja ne ke mulki lokacin. Ajinmu na yaƙi da jahilci a wata firamare yake nan cikin Wudil. Sai yara sun tashi muke shiga, bayan azahar, mu zauna a bencinsu gwiwoyinmu na tokarar tebur. Mu ashirin da 'yan kai ne, matan aure da zawarawa, ba yarinya ko ɗaya. Shekara uku Malama ta yi tana fama da mu, har muka daina dangwala yatsa a tawada inda ake son sa hannu.

A cikinmu akwai wata mutuniyar Darki mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ce tawa. Yaya take ce mini don na girme ta, ni kuma 'yar ƙauye nake ce mata, ta ce ai Wudil ɗin ma ƙauye ce, gada kawai aka yi mata. Mijinta dillalin shanu ne, kullum yana bin kasuwanni. Da za a buɗe ajin ta tambaye shi, ya ce a'a, sau ɗaya, bai ɗaga murya ba, bai kuma ba da dalili ba. Sai ta ci gaba da kawo mai Wudil yadda ta saba, ta sauke galan a gidana, ta zaro littafinta daga ƙarƙashin katifata, mu tafi tare. Kafin magariba tana gida. Haka ta gama, ita ce ta biyu a ajin. Dukkanmu mun san mijinta bai sani ba, kuma ba wadda ta taɓa furtawa. Har bayan shekara goma, in takarda ta shigo gidansu, juya ta take yi a hannu kamar ba ta san samanta da ƙasanta ba.

Farar hula suka dawo, aka yi zaɓe, aka sake yi. Malama ta yi ritaya, hawan jini ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya saki, muryarta ta koma kamar ta mai magana cikin matashi. Muka ce a taru a tsohon ajinmu tun tana iya fitowa. Aka ɗora mini shirin, don sun san ba na jin nauyin ce wa mutum bai yi daidai ba.

A shekarun nan taro ba ya cika taro sai da mai kyamara. 'Yan siyasa ne suka koya wa mutane. Ko rijiya za a buɗe, sai ka ga ƙato da abu a kafaɗa yana tafiya da baya. Biki kuwa har tsakar gida suke shiga, su haske mata da fitila, bayan sati biyu ka ji an ga matar wane tana rawa a talabijin ɗin mai shayi. Da aka ce mu ma mu kira mai kyamara, na ce ba namijin da zai taka mana aji.

"To wa zai ɗauka? Aljani?" in ji wata.

Na ce, "Ni."

Suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Ke da har yau sai kin lashi yatsa sau biyu kafin ki juya shafi?"

"Na lasa na juya. Ke da Malama ta shekara tana raba ki da barci a benci, me kika juya?"

Aka amince, da sharaɗi biyu. Ni zan ɗauka, kuma faifan da zai fito mata kawai za su kalla, a cikin ɗaki.

Na hau mota na tafi Kano, Sabon Gari, layin masu kayan wuta. Mai shagon da na shiga ya dube ni, ya leƙa bayana yana neman wanda na rako.

"Hajiya, wa za a saya wa? Yaron yana mota?"

"Ni ce yaron. Fito da su."

Ya jera mini uku a kan gilashi. Ta farko babba ce mai cin babban kaset, irin ta 'yan biki. Na ɗora a kafaɗa na ji kamar na goyi ɗan akuya a wuya, na ajiye. Ta biyu 'yar mitsitsiya ce, kyakkyawa, amma maɓallanta sun yi wa yatsuna ƙanana, in na danna ɗaya sai biyu su shiga. Ta uku matsakaiciya ce mai ƙaramin kaset, da ɗan allo da ake buɗewa a gefe kamar taga, da wani abu baƙi mai soso a samanta. Na tambayi meye wannan, ya ce kunnenta ne.

"Wannan, Hajiya, ko sauro ya yi tari sai ta ɗauka."

Ba na sayen abu da bakin mai shi. Na ce ya je bakin ƙofa ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar marar lafiya. Ya je ya yi, maƙwabtan shago na kallonsa suna dariya. Ya dawo ya kunna, na ji muryarsa ras, har da mai kiran sayen lemo a ƙetaren titi. Na ce ita nake so. Malama kawai nake tunani. Ina so a ji kowace kalma da za ta faɗa.

Sati biyu na yi ina koyo a kan awakina da kajin maƙwabta. Ana saura kwana uku ƙawata ta zo da galan ɗinta. Ta ɗauki kyamarar ta jujjuya, ta leƙa idon, ta ajiye a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Yaya, zan zo. Ba zan ƙi ganin Malama ba. Amma ki cire ni."

"Wa ke son ganin fuskar 'yar ƙauye dama?"

"Ba wasa nake ba. Ki rantse."

Na rantse mata. Ni da bakina, ba wanda ya matsa mini.

Ranar Asabar muka taru. Muka sa tsohon maigadi ya koma bakin get, muka rufe ƙofar aji da tagogin da ke kallon hanya. Mayafai suka zube a kan tebura. An kawo shinkafa da wake, da alkaki, da zoɓo a bokiti biyu. Kowa ta tashi ta faɗi inda karatun ya kai ta. Akwai wadda ta zama ungozoma a asibitin ƙauyensu, akwai mai shagon ɗinki, akwai wadda ta ce ita dai abin da ta samu shi ne jikokinta sun daina yi mata ƙaryar an ba su hutu. Ƙawata tana bayana galibi. In ta ga na juyo sai ta sunkuya, in ta ga na shagala sai ta tsallako gaban kyamarar ta yi mini gwalo ta gudu. Na ce mata aiki take ƙara mini, ta ce ai ni na nema.

Daga ƙarshe Malama ta ce a tayar da ita. Mata biyu suka riƙe ta. Ta yi magana a hankali, muka yi tsit. Ta ce mu yafe mata tsawar da ta riƙa yi mana, mu da wasunmu suka haife ta. Kuka ya fara tashi. Sai ta ce a ba ta alli. Da hannunta mai lafiya ta ja baƙi ɗaya a allo, a karkace, ta juyo tana dariya da rabin bakinta, ta ce yau ita ce ɗaliba, mu gyara mata, kuma duk wadda ta yi mata tsawa Allah ya isa. A daidai nan ƙawata ta toshe hanci ta saki guɗa daga bayana.

Duk wanda ya taɓa raka amarya a Darki ya san guɗar nan. Doguwa ce, tana hawa har ka ce numfashin ya ƙare, sai ta karye gida uku a ƙarshe, gajeru-gajeru, kamar mai sauka daga tsani. Har ƙauyukan kewaye ake aikowa a ɗauke ta ranar kai amarya. Ta yi ta a kan maganar Malama, Malama na ci gaba da magana a ƙarƙashinta, tana sa mana albarka ɗaya bayan ɗaya. Ban sauke kyamarar ba.

Sai da na dawo gida na kunna na gane rabin aikin na yi. Kaset biyu cike, wani wurin ƙasa na ɗauka, wani wurin silin, ga ƙawata nan ta faɗo ciki ya fi sau goma. Dole a tace, a yanke, a mayar faifai. Na tambaya aka ce masu tace hoto suna Kano, kuma duk maza ne. Wato in hana namiji ɗaya shiga aji, sannan in ɗauki matan mutane ba mayafi in kai wa maza biyar a shago su kalla suna tsayarwa suna komawa baya. Na ce ko kaset ɗin zai ruɓe a akwati ba zan kai ba.

Akwai wata sakatariya a jami'ar da aka buɗe mana, Kirista ce daga wajen Filato, tana haya a layinmu, tana sayen atamfa a wurina. Madam muke ce mata. Tana da kwamfuta a ɗakinta. Na je na gaya mata komai, har da rantsuwar. Ta ce in riƙa zuwa ranar Asabar da safe da kuma Lahadi in ta dawo daga coci.

Ta samo wayar da ke haɗa kyamara da kwamfuta, ta juye hoton. Sannan ta nuna mini manhaja biyu na yankan. Ɗaya tare da kwamfutar ta zo, mai sauƙi. Hoton na shimfiɗe a ƙasa kamar zani a kan tebur, ki sa alama nan, ki sa can, ki cire tsakiya. Ɗayar wani malamin jami'a ne ya sa mata, allonta cike da layuka hawa-hawa.

"Mama, wannan babban yana raba murya da hoto," in ji ta. "Za ki rage nan, ki ƙara can, ki ɗauko magana daga wani wuri ki ɗora. Amma ni ma ban iya shi sosai ba. Sai mun zauna kamar wata biyu."

"Malama ba ta da wata biyu. Ba ni mai almakashin."

Da shi muka yi. Hannuna bai saba da linzamin kwamfuta ba, in na tura kibiyar gabas sai ta yi arewa, Madam na dariya tana cewa in daina matse shi kamar ina tatsar nono. A Asabar ta biyu na iya. Na bi ƙawata wuri-wuri na cire. Inda ta yi gwalo na cire. Inda gefen ɗankwalinta ya leƙo na cire. Akwai inda hannunta kawai ya fito yana miƙa kofin zoɓo, na gane awarwaronta, na cire. Inda aka kira sunanta ma na cire. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Muka zo kan Malama da allinta. Hoton ya fito tsaf, fuskarta ta cika allon. Guɗar ta tashi, ta cika ɗakin Madam, har kyanwarta ta fice.

"Kai! Mama, wannan muryar wane ne?"

Na ce, "Guɗa ce. Kowace mace tana yi."

"Ba na wanda muke cirewa ba ne?"

"In nata ne fa, yaya za a yi?"

Ta ce da wannan manhajar hanya biyu ce kawai. Ko a yanke wurin gaba ɗaya, ko a kashe sautinsa gaba ɗaya, Malama ta zama mai motsa baki ba magana. In kuma ina so a gwada dabara, sai mu koma wa babbar, mu yi haƙuri.

Na sa ta mayar, muka sake ji. Ƙarƙashin guɗar ana jin Malama tana cewa Allah ya yi mana albarka, ya ba mu 'ya'ya masu jin ƙanmu. Saboda wannan na je Kano. Na zauna ina kallon allon. Duk tarbiyyar da aka yi mana ta ido ce. Katanga don ido, mayafi don ido, labulen ƙofa don ido. Na ce wa kaina ai ba a gan ta ba, kuma mata ne za su kalla a ɗaki. Amma ba zan yi ƙarya a nan ba: na san guɗar, na kuma san an san ta.

Na ce, "Bar shi."

Aka buga faifai, kowa ta samu nata, ban da ƙawata da ta ce kada ma in nuna mata. Na kai wa Malama nata da kaina. Tana kwance aka kunna mata, ta sa aka maimaita wurin allin sau uku, hawaye na gangarowa ta gefen da ya saki. Na dawo gida ina jin ba wanda ya kai ni.

Ba a yi wata ba. Ɗaya daga cikinmu tana da 'ya da ke aure a Darki, 'yar ta haihu, uwar ta tafi suna da faifanta a jaka don ta nuna wa mata. Ba ta karya sharaɗi ba. A ɗakin mai jego aka kunna, da janareto, ba namiji ko ɗaya. Maza suna waje a kan tabarmi a jikin katanga, da hantsi, ana raba goro. Mijin ƙawata yana cikinsu. Ya baro ta a gida kwance da zazzaɓi. Sai ya ji guɗar matarsa ta tsallako katanga. Ya yi mamaki, ya ce ko ta ji sauƙi ta biyo bayansa. Sai ya sake jin ta, iri ɗaya sak, sannan ya sake ji, don matan sun ce a mayar a ƙara. Ya aika a tambaya. Wata tsohuwa ta leƙo zaure ta ce ai a faifan 'yan makarantar manya na Wudil ne, kuma wallahi in ba matarka ba ce to 'yar'uwarta ce ta ciki ɗaya.

Da ya koma gida ya tambaye ta, ba ta musa ba. Bai dake ta ba, bai zage ta ba, bai kuma sake ta ba. Cewa ya yi ta je gida ta huta. Ta tafi gidan yayanta a Achika.

Ranar Juma'a na tafi kara. Mace mai shekaruna ba ta ratsa kasuwar shanu, amma na ratsa, ƙaho na wucewa ta kunnena, 'yan kamasho na bina da kallo. Na same shi a rumfa shi kaɗai. Muka gaisa, ya tambayi gida, na tambayi kasuwa. Ya san ni, mai sayen man matarsa.

Na ce, "Alhaji, ni na ɗauki hoton, ni na tace. Laifin nawa ne. Ba ta fito ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya ga ko bakin zaninta."

"Hajiya, ni na ce miki an gan ta?"

Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya fito da leda ɗaure da roba. Wasiƙu ne, sun yi laushi don ɗauka. Ya ce na babban ɗansu ne da ke Kudu. Duk wadda ta zo, tasha yake kai ta wurin mai karanta wa mutane. Ya zaro ɗaya bai ko duba ba.

"Wannan daga gidan yari ya rubuto ta, shekarar da aka kama shi. A bakin tasha aka karanta mini, da ƙarfi, mutane tsaye suna ji. Kafin in isa Darki labarin ya riga ni. Kuma ita ce ta miƙo mini takardar da safe, ta ce an kawo saƙo. Da ta ce kawo in duba maka, da daga ni sai ita."

Raina ya ɓaci, don ba na son a ɗora wa mace abin da namiji ya shuka. Na ce, "Kai ka hana ta. Da ka bar ta, da a ɗakinka za a karanta maka."

"Na hana. Sau ɗaya na ce a'a. Ita kuwa kullum gari ya waye sai ta yi mini ƙarya, shekara goma sha uku. Ke kuma kina ajiye mata littafi, ina gaishe ki a hanya."

Ya mayar da ledar aljihu, ya ce in gaida gida.

Washegari na tafi Achika. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar matar yayanta. Ta rame. Ta ba ni tabarma, ta kawo ruwa, ta koma kan aikinta. Na fara ba ta labarin yadda na bi ta wuri-wuri, har awarwaro. Ta bar ni na gama.

"Lokacin da kike yankan, kin ji ta?"

"Na ji."

"Kin gane tawa ce?"

Na so in ce ban gane ba. Da na faɗa, da ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba.

"Na gane."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "To."

"Na ga ai fuskarki ba ta..."

"Yaya, cewa na yi ki cire ni."

Na bi gidaje na karɓo faya-fayan. Wasu suka bayar, wasu suka ce ai abin da zai faru ya riga ya faru. Na Malama ban iya tambaya ba, yana ɗakinta har ta rasu. Ba wanda ya gaya mata abin da ya biyo baya.

Sai bayan girbi manya suka shiga tsakani, mijin ƙawata ya je biko. Ya kafa sharaɗi: ta daina kawo mai Wudil, kuma ƙafarta kada ta sake taka gidana. Ta karɓa, ta koma ɗakinta. A bakin wasu na ji, ita ba ta aiko ba. Da ni ce ma haka zan yi, shi ya sa ban taɓa ganin laifinta ba.

Sau ɗaya muka haɗu tun daga nan, a layin ganin likita. Na hango ta a benci na nufe ta. Ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, gida, yara, jikoki, jiki da jini, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Akwai gurbi a kusa da ita. Kafin in kai ga zama ta ɗauke jakarta daga cinya ta ɗora a wurin. Na koma bencin baya, na zauna ina kallon ƙeyarta har aka kira ta.